KADA MU AJIYE DUTSE A HANYAR MAKAHO



Tun shekarar 1992 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 3 ga Disamba domin tunawa da naƙasassu. A kowace shekara wannan rana takan faɗo cikin makon farko na lokacin Jiran Zuwan Ubangiji, lokacin da Ikilisiya take shirin jin muryar Yohanna Mai Baftisma yana kira a gyara hanya, a cike ramuka, a daidaita wuraren da suka karkace. Saboda haka muka ga ya dace mu yi tunani tare a kan wata hanya wadda kakanninmu ba su sani ba, mu kuwa muna binta dare da rana, wato hanyar waya da kwamfuta da intanet. Tambayarmu ita ce: wa muka bari a baya a kan wannan hanya, me dokar ƙasa ta ce, me kuma Allah yake nema daga gare mu?

Bari mu fara da laifin kanmu. Wata dattijuwa ta rasu a ɗaya daga cikin majami'unmu, aka sa lokacin Misar jana'izarta, daga baya aka matso da lokacin zuwa safiya. Wani saurayi mai himma ya tsara sanarwar da kyau, da hoton marigayiya da furanni, ya rubuta sabon lokacin a jikin hoton, ya aika ta WhatsApp. Kowa ya gani. Amma a cikin mawaƙanmu akwai wani makaho wanda ya yi shekaru yana raira waƙa tare da marigayiyar. Wayarsa takan karanta masa saƙonni da murya, to, a wannan karo abin da ta gaya masa kawai shi ne an aiko hoto. Ya zo da la'asar, sanye da rigar mawaƙa, ya tarar an riga an binne ta. Da muka je ba shi haƙuri sai ya ce, "Fada, ba wanda ya ɓoye mini, amma ba wanda ya gaya mini." Wannan magana ta zauna mana a zuciya har yau.

DUTSEN DA BA A GANI

A cikin Littafin Firistoci, sura 19, aya 14, Ubangiji ya hana jama'arsa zagin kurma, ya hana su sa wa makaho abin tuntuɓe, sa'an nan ya ɗaure wannan hani da tsoron Allah. Mu lura da hikimar da ke ciki. Kurma ba zai ji zagin ba, balle ya rama. Makaho zai faɗi, amma ba zai san wanda ya ajiye dutsen ba, balle ya kai ƙara. Laifi ne wanda wanda aka yi wa ba zai iya kama mai shi ba, shi ya sa Allah da kansa ya tsaya shaida.

Duwatsun zamaninmu ba a kan turba kaɗai suke ba. A yau ta intanet ake cike takardar neman shiga makaranta, ta nan ake duba sakamakon jarrabawa, ta nan ake neman aiki, ta waya ake aika kuɗi. Dukanmu muna tune da farkon shekarar 2023, sa'ad da aka yi ƙarancin takardun naira, har sayen gishiri ya koma ta waya. Mai ido ya sha wahala a lokacin. To, yaya makahon da manhajar bankinsa ba ta yi masa magana? Dole ya miƙa wayarsa da lambar sirrinsa ga wani, ya dogara ga amanar da ba shi da hanyar bincikawa. Haka kurma yake zaune a gaban bidiyon da likita yake bayanin wata cuta, yana ganin baki yana motsi, ba rubutu a ƙasa, ba mai fassara da hannu. Haka kuma wanda hannunsa ya shanye yake fama da shafin da yakan rufe kansa kafin ya gama cike shi.

Kada mu ɗauka mutane kaɗan ne. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato mutum ɗaya cikin kowane shida, suna rayuwa da wata babbar naƙasa. Mu kuma da muke ganin kanmu lafiyayyu, tsufa yana tafe da yanar ido da nauyin kunne da rawar hannu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

ABIN DA DOKOKIN ƘASASHE SUKA CE

Ranar 13 ga Disamba 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Naƙasassu, ta fara aiki a watan Mayu 2008. Sashe na 9 ya ɗora wa ƙasashe nauyin kawar da shinge, ya ambaci gine-gine da sufuri, ya kuma ambaci hanyoyin sadarwa da intanet da sunansu. Sashe na 21 ya ce a ba naƙasassu labarin da aka yi domin jama'a a cikin surar da za su iya amfani da ita, a kan lokaci, ba tare da ƙarin kuɗi ba, a kuma karɓi maganar hannu da rubutun Braille a harkokin hukuma. Nijar ta tabbatar da yarjejeniyar a 2008, Nijeriya a 2010, Ghana a 2012.

A Nijeriya, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Hana Wariya ga Naƙasassu ta 2018 a watan Janairu 2019. Dokar ta hana kowane mutum da kowace hukuma nuna wa mutum bambanci saboda naƙasarsa, ta kowace hanya. Kamfani ko ƙungiyar da aka kama da laifi za ta biya tarar naira 1,000,000. Mutum ɗaya kuwa naira 100,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin kuwa ya cika a watan Janairu 2024. Ta ce hukumomin gwamnati su ware wa naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma kafa Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa, wadda ta soma aiki a 2020. Gaskiya ne dokar ta fi yin bayani dalla-dalla a kan matakala da motoci da makarantu da asibitoci, amma hanin da ta yi wa wariya mai faɗi ne, wanda kuwa aka hana shi cike takardar neman aiki domin shafin bai san da makaho ba, ai an nuna masa bambanci.

Akwai kuma Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2017. Ita ce ta buɗe hanya a juya littattafai zuwa Braille, ko manyan haruffa, ko murya, domin makafi, ba sai an jira izinin mai haƙƙin mallaka ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta shigar da wannan sassauci a cikinta.

A wasu ƙasashe an riga an kai maganar gaban alƙali. A Ostareliya wani makaho, Bruce Maguire, ya kai kukan masu shirya Wasannin Olamfik na Sidni na shekarar 2000, domin shafinsu na intanet bai karantu gare shi ba. Suka ce gyaran zai yi musu tsada da wahala. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ba ta karɓi wannan hanzari ba, da suka kasa cika umarninta kuwa aka sa su biya shi dalar Ostareliya 20,000. A Amurka, inda aka kafa dokar naƙasassu tun ranar 26 ga Yuli 1990, wani makaho mai suna Guillermo Robles ya yi ƙarar kamfanin abinci na Domino's domin ya kasa yin oda ta shafinsu da manhajarsu. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar ta hau kan shafin da manhajar, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sake duba hukuncin. A watan Afrilu 2024 Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar ta fitar da ƙa'ida wadda ta sa wa gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi ma'aunin da shafukansu za su cika. Tarayyar Turai ta wajabta wa hukumomin gwamnati gyara shafukansu da dokar 2016, sa'an nan wata doka ta 2019, wadda ta fara aiki ranar 28 ga Yuni 2025, ta haɗa har da bankuna, da na'urorin cire kuɗi, da ciniki ta intanet, da littattafan da ake karantawa a na'ura.

MUDUN DA AKE AWO DA SHI

Doka ba ta aiki sai da mudu. Mudun da yawancin waɗannan dokoki suke komawa gare shi shi ne jagoran da ake kira WCAG, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idodin intanet ta fitar. Na farko ya fito a 1999, aka sabunta shi a 2008, da 2018, da 2023. Yana da matakai uku, A da AA da AAA, na tsakiya kuwa shi ne dokoki suka fi nema. Ya tsaya a kan ginshiƙai huɗu, ko wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba zai gane su.

Na ɗaya, abin da aka sa ya isa ga mutum ta wata gaɓa in wata ta gaza. Kowane hoto mai ɗauke da saƙo a haɗa shi da bayani a rubuce, domin manhajar da take karanta wa makaho allo ta sami abin faɗa. Kowane bidiyo a sa masa rubutun abin da ake faɗa. Launin rubutu ya bambanta sosai da na bango, har an sa awo, 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, a kuma iya ninka girman haruffa sau biyu ba tare da shafin ya wargaje ba.

Na biyu, mutum ya iya sarrafa abin. Wanda ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta ya iya kaiwa ko'ina da madannai kaɗai. A ba mai jinkiri isasshen lokaci. Kada haske ya yi walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa ɗaya, gama wannan yakan tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa.

Na uku, abin ya zama mai ganuwa ga hankali. In mutum ya yi kuskure wajen cike takarda, a gaya masa da kalmomi inda kuskuren yake, kada a ja jan layi kawai a bar shi yana lalube.

Na huɗu, a gina shi da ƙwari yadda zai yi aiki da kayan taimako iri iri. Irin waɗannan kaya suna hannun mutanenmu a yau: TalkBack a wayoyin Android, VoiceOver a iPhone, da NVDA a kwamfuta, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka ƙirƙira, suke kuma ba da ita kyauta. Sandar makaho tana nan, tana aiki. Abin da ya rage shi ne mu share masa hanya.

INDA DOKA TA TSAYA

Akwai wani abu a dokar Amurka da ya kamata ya sa kowane Kirista tunani. Sashen da ya ɗaure kantuna da otal-otal da asibitoci masu zaman kansu ya keɓe ƙungiyoyin addini, bai hau kansu ba. Wato mai sayar da abinci zai amsa tambayar alƙali in ya rufe wa makaho ƙofa, majami'a kuwa ba za ta amsa ba. Dokar Turai ita ma ta sassauta wa ƙananan 'yan kasuwa masu ma'aikata ƙasa da goma. To, in alƙalin duniya ya sallame mu, mun kuɓuta ke nan? Ko kaɗan. Doka takan sa mafi ƙanƙantar abin da za a karɓa, ƙauna kuwa daga nan take farawa. Abin kunya ne banki ya fi gidan Allah kula da kurma.

Mu tuna da abin da ya faru a Kafarnahum, cikin Bishara ta hannun Markus, sura 2. Mutum huɗu suka ɗauko shanyayye, suka kasa shiga. Su wane ne suka tare ƙofar? Ba maƙiya ba ne. Masu sauraron Yesu ne, mutanen kirki, sun mai da hankali ga wa'azi, sun ba ƙofa baya. Ba wanda ya yi nufin mugunta, duk da haka shanyayyen yana waje. Sai da huɗun nan suka hau soro suka buɗe rufin, Yesu kuwa ya duba wannan aiki ya kira shi bangaskiya. Saurayinmu mai tsara sanarwa bai yi nufin mugunta ba, mu ma da muka yaba wa aikinsa ba mu yi ba. Mun ba ƙofa baya ne kawai.

Mu tuna kuma da Bartimawas a bakin hanyar Yariko, cikin sura 10. Jama'a suka tsawata masa ya yi shiru. Yesu ya tsaya, ya sa a kira shi, sa'an nan ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. Ubangiji ya san makaho ne, amma ya ba shi girman ya faɗa da bakinsa. Mu kuwa sau da yawa mukan zauna a kwamiti mu yanke abin da naƙasassu suke bukata, ba ko ɗayansu a wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a gidanmu. Mai Tsarki Francis de Sales, Bishop na Janiba, wanda ya rasu a 1622, ya ɗauki wani kurma ya zauna a gidansa, ya koya masa bangaskiya da maganar hannu har ya iya furta zunubansa ya karɓi Jikin Ubangiji. Shi ne kuma wanda, da mutane suka ƙi zuwa jin wa'azinsa, ya riƙa rubuta shi a takardu yana zura musu ta ƙarƙashin ƙofa. A 1923 Paparoma Pius na 11 ya sa shi majiɓincin marubuta da 'yan jarida, kurame kuma suna riƙe da shi a matsayin nasu. A birnin Faris, wajen shekarar 1760, wani firist, Charles-Michel de l'Épée, ya sadu da 'yan mata biyu kurame 'yan gida ɗaya, tsoron kada su rayu su mutu ba su san Allah ba ya sa ya buɗe makarantar kurame ta kyauta. Louis Braille, wanda ya ji rauni a ido a shagon dukancin mahaifinsa yana ɗan shekara uku har ya makance, ya tsara rubutunsa mai ɗigo shida a 1824 yana da shekara 15, ya kuma yi shekaru yana yin kiɗa a majami'u a Faris. A ƙasarmu ma, 'yan'uwanmu Kirista na wata ɗariƙa sun buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953. Waɗannan duka ba dokar gwamnati ce ta sa su ba.

ABIN DA ZA MU YI

Wani zai ce, "Fada, mu da ko wutar lantarki ba ta ishe mu ba, ina mu ina waɗannan?" Muna amsawa cewa yawancin abin da ake nema a gare mu bai kai kuɗin kyandir ɗaya ba. Ga abin da muke roƙon kowace majami'a da kowace ƙungiya.

Duk sanarwar da aka aika a hoto, a rubuta abin da ke cikinta da haruffa a ƙarƙashinsa: rana, da lokaci, da wuri. Duk saƙon murya mai muhimmanci, a biyo shi da rubutu domin kurame. Duk rubutu mai muhimmanci, a biyo shi da murya domin makafi da waɗanda ba su yi karatu ba. Kada a ɗauki hoton wasiƙar Bishop a aika a ce an gama, a aika da rubutun kansa. Masu sa Misa ko wa'azi a Facebook da YouTube su sa rubutu a ƙasa, ko su haɗa da taƙaitaccen wa'azin a rubuce. Inda akwai kurame, a nemi mai fassara da hannu, a tsayar da shi inda akwai haske, mai ɗaukar hoto kuma kada ya yanke shi daga allo. Takardun waƙa da na karatu a buga wasu da manyan haruffa baƙaƙe a kan farar takarda.

Makarantu da asibitocin da ke ƙarƙashinmu, in za su ba da kwangilar gina shafi ko manhaja, su rubuta a cikin yarjejeniyar cewa sai ya cika matakin AA, kada kuma a biya kuɗin ƙarshe sai makaho ya gwada shi da wayarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da aka sa tun daga tushe ya fi sauƙi a kan wanda za a rushe a sake. Kowane kwamitin sadarwa ya sami naƙasasshe a cikinsa, mai cikakkiyar murya.

Ku 'ya'yanmu masu ilimin kwamfuta, da ku ma'aikatan banki da na gwamnati, wannan magana taku ce musamman. Layi ɗaya na bayani da za ka rubuta a bayan hoto, ba shugabanka da zai gani, ba kuma wanda zai gode maka. Ubanka wanda yake gani a ɓoye yana gani. Ku kuma 'yan'uwanmu makafi da kurame da guragu, ku gafarta mana inda muka gaza, kada kuma ku yi shiru. Ku san haƙƙinku a dokar ƙasa, ku nema, ku faɗa mana inda dutsen yake. Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa jiki ɗaya ne mu, gaɓoɓin da ake gani kamar raunana kuwa ba a iya yi sai da su. Ba baƙi ba ne ku a wannan gida. Baftisma ɗaya aka yi mana.

Mawaƙin nan namu yana nan yana raira waƙa kowace Lahadi. Yanzu shi ne yake fara duba kowace sanarwa da wayarsa kafin a aika wa jama'a, saurayin da ya tsara waccan sanarwa kuwa shi ne mataimakinsa.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Yesu, kai da ka tsaya a bakin hanya domin makaho, ka kuma taɓa kunnen kurma, ka buɗe idanunmu mu ga waɗanda muka bari a waje. Ka ba masu mulki zuciyar cika dokokin da suka sa wa hannu, ka ba masu ilimi tsoronka a cikin aikin da ba mai gani, ka sa Ikilisiyarka ta zama gida mai buɗaɗɗiyar ƙofa ga dukan 'ya'yanka. Budurwa Maryamu, Uwarmu, ki yi roƙo dominmu. Albarkar Allah Mai Iko Duka, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta sauko a kanku, ta zauna tare da ku har abada. Amin.